Mun biya kuɗin fansa, sai muka kulle ta a ɗaki

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, saboda irin zancen nan ne da in an fara shi a tsakar gida sai wata babba ta yi gyaran murya ta ce "a bar maganar nan haka, akwai yara a wurin". Toh ai yaran ne ma abin ya fi faɗa wa. Don haka zan yi, wanda ransa ya sosu ya yi haƙuri.

Bara da damina aka kawo mana 'yar gwaggona daga wani ƙauye ta wajen Giwa. Ba zan faɗi sunanta ba, garin ma ba zan faɗa ba. Shekarunta ba su wuce ashirin ba, da aurenta, da ɗanta guda da ba a daɗe da yaye shi ba. 'Yan bindiga suka shiga garinsu cikin dare suka tattara mata da 'yan mata suka kora daji, ta yi sati biyar a hannunsu. Abin da dangi suka yi kafin ta fito wallahi ba zan raina musu ba, an sayar da shanun noma guda biyu, an jinginar da gona, mu na birni muka yi karo-karo kowa da abin da Allah ya hore masa, har mashin sai da aka saya aka haɗa musu saboda sun ce kuɗi kaɗai bai isa ba. Ranar da ta fito gida ya cika maƙil, ana ta barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, aka dafa shinkafa aka raba sadaka.

Bayan kwana uku sai gida ya yi tsit. Mijin ya zo sau ɗaya, a zaure ya tsaya suka gaisa da Kawu ya juya. Uwar mijin ta aiko wai ta ɗan zauna wajen iyayenta tukuna "a ga abin da hali zai yi", kuma duk macen da ta ji wannan kalma ta san me ake jira a gani. Masu zuwa jaje bakinsu na cewa sannu, idonsu kuma na kan cikinta. Shi ya sa Gwaggo ta ɗauko ta ta kawo mana Zariya, wai ta huta da idon mutane.

A ɗakina ta zauna. Ba ta bacci, in ta runtsa sai ta zabura ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Unguwarmu kusa da titi take, 'yan acaɓa ba sa daina wucewa har tsakar dare, duk mashin ɗin da ya wuce sai ta kama hannuna ta matse har sai ƙarar ta ɓace. Tana wanka sau huɗu sau biyar a yini, sabulu ba ya kwana uku. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Kuma tana tafiya a hankali tana dafa bango, ina ganin haka na san akwai ciwon da ba ta faɗa ba. Na ce wa Gwaggo mu kai ta asibiti. Ta ce "ke 'yar nan, so kike ki tona mana asiri? Allah ya rufa, ke kuma za ki buɗe." Ta kwance ƙullin zaninta ta fito da rubutu da wasu saiwoyi ta ce a jiƙa mata. A lokacin ta kwana goma sha ɗaya da fitowa, babu likita ko nas ɗaya da ya duba ta.

Wannan kalma ta rufin asiri ita nake so mu zauna mu duba da kyau, domin ni a ganina ita ce ta fi cutar da matan nan bayan su mugayen da suka yi ta'asar. Gwaggo ba muguwa ba ce, tana son 'yarta kamar ranta, ita ce ta sayar da akuyoyinta da gadon ƙarfenta don a cika kuɗin. Amma ta taso ta tarar cewa in abu irin wannan ya samu mace toh maganinsa shiru. Shirun nan kuwa wa yake amfana? Wanda ya yi ɓarnar yana daji ko ma yana yawo a kasuwar ƙauye babu mai ce masa kanzil, ita kuma tana ɗaki ciwo na cin ta. Sutura ta gaskiya ita ce a kare sunanta daga bakin 'yan gulma, a hana ɗaukar hotonta, a hana yaɗa labarinta a gurup ɗin WhatsApp na dangi. Ɓoye ta daga likita kuwa, wannan sakaci ne muka sa masa rigar kunya.

Ga abin da na so a ce na sani tun ranar farko, kuma nake roƙon duk wadda ta karanta ta faɗa wa ta kusa da ita. Akwai maganin da ake ba wanda aka yi wa fyaɗe don kare shi daga kamuwa da cutar ƙanjamau, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, ita tana aiki har zuwa awa 120, kwana biyar kenan. Akwai maganin cututtukan sanyi, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta sandarewar jiki in akwai rauni. Kwana ukun nan da muke ɓatawa wajen karɓar 'yan barka da dafa shinkafar sadaka, su ne daidai kwanakin da ya kamata a ce tana gaban ma'aikacin lafiya. Wadda ta daɗe a daji ma kar a ce ai lokaci ya wuce, a kai ta ranar da ta fito, likita ne zai duba ya ga me za a iya yi, kuma ko lokacin wancan maganin ya wuce akwai gwaji, akwai ɗinkin rauni, akwai maganin ciwon da ya riga ya shiga. Wasu matan har yoyon fitsari suke samu saboda irin raunin da aka ji musu, kuma wannan ana gyara shi da tiyata, ga cibiyar Babbar Ruga nan a Katsina shekara da shekaru aikin da suke yi kenan.

Kuma ba sai an je nesa ba. A nan Zariya, a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, akwai cibiyar Salama wadda aka buɗe musamman don waɗanda aka ci zarafinsu ta wannan hanya, irinta guda huɗu ne a jihar Kaduna, biyu a cikin garin Kaduna, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a nan. Na tambayi matan layinmu su nawa suka san da ita, a cikin kusan mu goma da muke adashi tare mutum ɗaya ce ta taɓa jin sunan. In mu da muke cikin gari ba mu sani ba, ina ga matar Kidandan ko Galadimawa ko Fatika? Kuma ina jin wani abu a raina duk sanda na tuna sunan wa asibitin ke ɗauke da shi. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, wadda aka aurar tana ƙaramar yarinya, ta sha duka ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a zamanin NEPU saboda ta ƙi yin shiru a kan abin da ya shafi mata, ta rasu a 2001. Da tana raye na tabbata da ta bi gida gida ta fito da yaran nan daga ɗaki ta kai su da kanta.

Mu dai daga ƙarshe dabara na yi, na ce wa Gwaggo zazzaɓin nan nata ya yi kama da taifot gara a auna jini. Wurin farko da muka je, wani ɗan ƙaramin asibiti, matar da ke rubuta kati ta ɗaga murya a gaban layi ta ce "ita ce wadda aka sace ɗin?" Yarinyar nan ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice, sai a bakin titi na cim mata jikinta na rawa. Sai da na yi sati guda ina lallashi kafin ta yarda muka je wani wurin. A can Allah ya haɗa mu da wata nas dattijuwa, ta sa kowa ya fita har ni, ta ja labule, ta zauna da ita kusan awa guda. Da suka fito idonsu su biyun ya yi ja. Ban san me suka faɗa ba kuma ban tambaya ba. A daren ne ta fara yin bacci na awa uku a jere.

Wani zai ce ai wannan maganar yaƙi ce, mu nan ba yaƙi ake ba. Toh a tambayi mutanen Birnin Gwari da Giwa da Igabi me ake kira yanayin da mutum ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya haraji ga mai bindiga. A Janairun 2022 gwamnatin tarayya da kanta ta ayyana 'yan bindigar nan a matsayin 'yan ta'adda. A Yunin 2021 har cikin kwalejin Nuhu Bamalli suka shigo suka ɗebi ɗalibai da malamai, nan bakin Zariya. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, an kwashe yaran makaranta a Kuriga a Maris ɗin 2024. Waɗannan su ne suka shiga labarai saboda yawansu, amma matan da ake ɗauka biyu biyu uku uku daga gona da hanyar rafi da cikin ɗakin aurensu, babu mai lissafinsu, kuma su ne suka fi yawa. Jikin mace a irin wannan rikici makami ne da ake karya gari da shi, ana yi ne da gangan don a wulaƙanta miji da uba, a sa mutane su gudu su bar gona. Kuma duk sanda muka juya wa matar baya, mun ƙarasa musu aikin da suka fara ne da hannunmu.

Mun ga yadda abin ya kasance a Borno. Daga daren 14 ga Afrilun 2014 da aka ɗauki 'yan mata 276 a Chibok duniya ta yi ta kururuwar a dawo da su, amma dubban mata da sojoji suka kuɓutar daga Sambisa da sauran wurare da suka koma cikin jama'a me suka tarar? A 2016 UNICEF da wata ƙungiya mai suna International Alert sun bi sun yi bincike, suka tarar ana kiran matan "matan Boko Haram", ana kiran su "annoba", ana cewa 'ya'yan da suka haifa jininsu gurɓatacce ne. Annoba fa, mace da aka sace tana ƙarama. A shekarar dai ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo labarin mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira na Maiduguri waɗanda masu tsaron sansanin da jami'ai suka ci zarafinsu, wasu da ƙarfi wasu da yaudarar abinci. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shi ya sa in ana maganar taimako nake cewa abinci da wurin kwana mai ƙofa da banɗaki mai fitila duk suna cikin kariya, mace mai yunwa da goyo a baya kowane azzalumi yana iya sayen ta da kwanon shinkafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun 2016 akwai shirin gwamnati na karɓar tubabbun mayaƙan Boko Haram, ana kai su sansanin Malam Sidi a Gombe, a yi musu wa'azi, a koya musu sana'a, a sallame su su koma cikin mutane. Ni ban ce kar a yi ba, in hakan zai sa a ajiye bindiga Allah ya sa albarka. Amma ina kwatankwacin wannan tsari ga matar da aka lalata wa rayuwa? Shi an san da zamansa, yana da suna a takarda, yana da bajet. Ita tana da kwandon habaici. A nan yankinmu ma ana zaman sulhu da 'yan bindiga, ana maganar a buɗe kasuwa a buɗe hanya, ban taɓa jin an ce an ajiye kujera ɗaya a wurin zaman don matan da aka keta wa haddi ba, ko a ce ga abin da za a yi musu.

Sai maganar addini, domin a nan ne nake ganin muna da makami mafi ƙarfi kuma mun ajiye shi yana tsatsa. Mutanenmu suna jin maganar malami fiye da ta gwamna. Kuma addinin bai bar wani ruɗani a kan wannan ba. A Suratun Nur aya ta 33 Allah ya yi maganar kuyangin da ake tilasta wa alfasha, ya ce wanda ya tilasta su, to lalle Allah bayan tilasta musu da aka yi mai gafara ne mai jinƙai. Hadisin da duk ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una, na 39, yana cewa an ɗauke wa al'ummar nan laifin kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. A zamanin Annabi (SAW) wata mata ta fito za ta sallah wani ya far mata, da aka kai magana gabansa ita ce ya fara sallama da kalmar gafara, hukunci ya hau kan namijin. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan cikin birnin nan tun kakanninmu, an kawo hukuncin cewa wanda ya tilasta wa mace sai ya biya ta sadakinta, ban da haddin da ke kansa. Wato shari'a tana kallon ta a matsayin wadda ake bin wa haƙƙi. Mu kuma mun bar jaki muna dukan taiki. Aurenta bai mutu ba don an sace ta, malamai sun yi bayanin istibra'i, jira ne na ɗan lokaci sannan ta koma ɗakinta. Duk wannan a littafi yake, amma yaushe rabon da ka ji limamin Juma'a ya ɗauki huɗuba guda sukutum a kan haƙƙin matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga? Ana huɗuba a kan shigar mata, a kan bikin da ake kiɗa, a kan waya a hannun 'yan mata. Wannan ɗin fa?

Kuma an ga amfanin bakin malami a wasu wurare. 'Yan Yazidi na Iraƙi mutane ne masu tsananin riƙo da al'ada, a da in mace ta haɗu da wanda ba nasu ba, ko da tilas ne, ta fita daga cikinsu kenan. Da ISIS ta afka wa yankin Sinjar a Agustan 2014 ta kwashi dubban matansu ta sayar kamar kaya, babban shugaban addininsu da suke kira Baba Sheikh ya fito ya ce duk wadda ta dawo 'yarsu ce, a karɓe ta hannu biyu. Magana guda ta mutum guda ta buɗe wa mata da yawa ƙofar gida. Daga cikinsu ne Nadia Murad ta fito ta tsaya gaban duniya ta faɗi abin da aka yi mata, har ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018. A Maris ɗin 2021 majalisar Iraƙi ta yi doka ta ba irin waɗannan mata albashi duk wata da fili da damar komawa makaranta. Amma ko su ɗin sun gaza a wuri ɗaya, sun ƙi karɓar 'ya'yan da aka haifa a hannun ISIS, uwaye da yawa sai da suka zaɓa tsakanin ɗa da dangi. Wannan ramin nake tsoron mu faɗa, ko ma in ce mun riga mun faɗa. Jaririn da aka haifa a wannan hali me ya yi? Alƙur'ani ya maimaita mana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma kowane abin haihuwa a kan fiɗira ake haihuwarsa. Yaron da aka taso ana nuna shi da baki ana ce masa ɗan daji, ana hana yara wasa da shi, in ya girma ina muke so ya nufa?

Wanda Nadia Murad ta raba kyautar Nobel ɗin da shi, Dokta Denis Mukwege, likitan mata ne a Kwango, ya buɗe asibitin Panzi a garin Bukavu a 1999, ya yi wa dubun dubatar mata aiki. Abin da ya gano shi ne in ka ɗinke rauni ka sallami mace ta koma inda miji ya kore ta, ba ta da ko sisi, wanda ya cuce ta yana yawo, toh ba ka warkar da ita ba. Sai suka haɗa abu huɗu a wuri ɗaya, magani, da masu zama da ita su saurari damuwarta, da sana'a da jari, da lauya. Na ga gaskiyar wannan da idona a kan 'yar gwaggona. Magani ya gyara jikin, amma ranar da na ga fuskarta ta saki sosai ita ce ranar da ta soya awara a ƙofar gida ta sayar ta ƙirga kuɗinta ta ƙulle a bakin zani. Jarin bai taka kara ya karya ba, kwano biyu na waken suya da man gyaɗa da kasko, 'yan adashinmu ne suka bar mata ɗauka ɗaya. Mace in tana da abin hannunta ba a yi mata auren huce haushi da tsohon da ya ce zai "rufa mata asiri" ya kai ta ta zama baiwar matansa.

Ciwon zuciyar kuwa shi ne muka fi jahilta. In yarinya tana firgita, tana kuka ba dalili, tana zama shiru ta ƙura wa bango ido, sai mu ce iska ce, a kira mai ruƙiyya ya yi ta ihu a kanta, wani ma har da bulala. Don Allah a yi tunani, wadda maza suka danne da ƙarfi, yanzu kuma a sa wasu mazan su riƙe ta wani yana daka mata tsawa. Addu'a magani ce, ni ma kullum sai na tofa mata, amma a yi ta da taushi, kuma a haɗa da likita. Akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai babban asibitin Barnawa a Kaduna, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin fannin kaɗan ne ƙwarai kuma yawancinsu suna manyan birane. Don haka dole a koya wa na kusa, ungozoma, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauye, yadda ake sauraro. Ba wani abu mai wuya ba ne. Kar ki tambaye ta su nawa ne, kar ki ce me ya sa ba ki gudu ba, kar ki ce ki manta kawai ya wuce. Ki ce mata na yarda da ke, ba laifinki ba ne, ina nan. In ta so magana ta yi, in ba ta so ba ku zauna shiru kuna tsince shinkafa.

Doka kam muna da ita a takarda. Akwai dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015, kuma a Satumbar 2020 gwamnan Kaduna na lokacin Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Hukunci mai tsanani, amma tsananin hukunci ba ya aiki in kes bai isa kotu ba. In aka kama ɗan bindiga ana tuhumarsa da garkuwa da mutane da kisa da satar shanu, fyaɗen sai a bar shi a gefe kamar wani ɗan ƙaramin abu da ya faru a hanya. A Ruwanda sai da matan wani gari suka tsaya gaban kotun duniya da ke Arusha a Tanzaniya suka ba da shaida, a 1998 aka yanke wa wani shugaban ƙaramar hukuma mai suna Akayesu hukunci, karo na farko da kotu ta ce fyaɗe na iya zama ɓangaren kisan ƙare dangi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2008 ta zartar da ƙuduri mai lamba 1820 a kan haka. Mu a nan abin da nake nema bai kai wannan girma ba, a samu 'yar sanda mace a ɗaki mai ƙofa da za ta ɗauki bayani, kar a sa mace ta maimaita labarinta a kanta gaban mutum goma, kuma kar a tilasta mata kai ƙara in ba ta shirya ba, domin yawancinsu waɗanda suka cuce su sun san gidansu.

Ƙungiyoyi masu zuwa da tallafi, Allah ya saka, amma don girman Allah ku ajiye kyamara. Na ga an tara mata a layi an ba kowacce atamfa da bokiti an ɗauki hoto an sa a Facebook da bayanin ko su waye. Bokitin zai fashe cikin wata biyu, hoton yana nan har 'ya'yanta su girma su gani.

Ku kuma maza, 'yan uwana, ku ne ƙofar. Na san akwai zafi, na san akwai kishi, na san majalisa ba ta da daɗi in ana kallonka ana ƙus-ƙus. Amma kai da bindiga ta sa ka haura katanga ka gudu ka bar ta a ɗaki, kuma babu wanda ya zarge ka don rai ba wasa ba ne, da wane baki za ka zarge ta? Na san wani bawan Allah a ƙauyen su Gwaggo, manomi ne ko firamare bai yi ba, da matarsa ta fito shi ya goyo ta a mashin har asibiti, ya dawo ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i ya ce matarsa ce, jarrabawa ce ta same su su biyu, duk mai magana ya zo ya same shi. Daga ranar babu wanda ya sake ɗaga zancen.

Ita tamu ba ta samu wannan ba. Gwaji ya nuna ba ciki, na jini ma da aka maimaita bayan wata uku lafiya lau, amma takardar saki ta riga sakamakon isowa. Ba ta yi kuka a kan takardar ba. Abin da ke hana ta bacci yanzu ɗanta ne, dangin uban sun riƙe shi sun ce ba za su bar shi a hannunta ba, alhali a mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta bayan rabuwa. Wata bakwai rabon ta da shi. Ta sai masa 'yan kanti kala biyu da takalmin roba a kasuwar Sabon Gari da ribar awara, suna nan cikin leda a ƙarƙashin filonta, kullum tana cewa kar ya girme su. Kawu ya yarda ran Asabar mai zuwa za mu je da shi da wani malamin unguwarmu mu samu mai garinsu a zauna, in an ba mu shi cikin mutunci falillahil hamdu, in an hana kuma ran Litinin muna kotu.